Na Je Binciken Aure a Garin da Babu Shi a Taswira

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, wani abokina ya ɗora mini aikin da nake ganin duk Greensboro babu wanda ya kai ni iya shi. Shi mutumin zangon Kumasi ne, ni haifaffen Kano, amma zaman Amurka ya mayar da mu kamar 'yan ɗaki ɗaya. Masallaci ɗaya muke zuwa, likita ɗaya ke yi mana faɗa a kan gishiri. Babbar 'yarsa a nan ta girma, ta karanci haɗa magunguna, tana aiki a wani kantin magani can wajen unguwar Sedgefield. Ita ce ta zo masa da maganar wanda take so ta aura.

Saurayin baƙar fatar Amurka ne, Musulmi, mahaifinsa ne ya musulunta tun kafin a haife shi. A jami'ar nan ta gabashin gari ya yi karatu, injiniya ne, tare muke sallar Juma'a. Na san fuskarsa: dogo ne mai sanyin magana, in zai gaishe ka sai ya ɗan rusuna. Ba wanda ya taɓa faɗin aibinsa. Sai dai iyayensa duk sun rasu, ba shi da kowa a garin nan, abokina kuwa ya ce ba yaron kaɗai 'yarsa za ta aura ba, har da gidansu. Da ya tambaye shi su mutanen ina ne, sai yaron ya ambaci wani gari a gaɓar tekun jihar nan. Ba zan faɗi sunan ba, za ku ga dalili.

Abokina ya same ni a gida da waya a hannu, ransa a jagule, 'yar tana biye da shi.

"Malam, na buga sunan nan a waya, babu. Na sa yarinyar ta buga, babu. Ei, mutum ya ce maka ga garinsu, ka duba ƙasa ka rasa garin?"

Na ce, "Alhaji, ƙila ɗan ƙauye ne."

"Ƙauye? A ƙasar da har kwandon shara yake da lamba?"

Ya rantse ba zai ɗaura auren ba sai wanda ya yarda da shi ya je ya gani da idonsa. Yarinyar ta ba shi amsa da Turanci, kamar yadda 'ya'yanmu suke yi in abu ya taɓa su. Ta ce za ta jira maganarsa saboda shi ubanta ne, amma saurayin ya samu aiki a wata jiha, ƙarshen bazara zai tashi, ita kuma ba za ta iya yin alkawarin jira har abada ba. Na kalli uban, na kalli 'yar, na ga taurin kai iri ɗaya a fuska biyu. Na san in na dawo da mummunan labari, ko dai auren ya rushe, ko gidan abokina ya tsage.

Ga waɗanda suka tashi a nan, bari in faɗi yadda binciken aure yake a wurinmu. A ɓoye ake yin sa. Ba ka zuwa gidan su yaron, maƙwabta kake samu, kuma ba ka faɗin abin da ya kawo ka, don in ka faɗa kowa zai gyara harshensa. Sai ka bi ta gefe cikin hira: wane ne kakansu, me yake yi, 'ya'ya nawa ya bari, ina suka watsu, suna jituwa ko akwai rigima, akwai mai bashi a cikinsu, akwai mashayi. Gwanintar kuwa tana wurin jin amsa, domin maƙwabci ba ya zagin maƙwabcinsa a gaban baƙo. In gidan kirki ne, sai ya cika ka da yabo, har ya ja hannunka ya ce zo in kai ka. In da ɗan abin faɗa, sai ya ce, "To, muna dai gaisawa." In kuwa katanga ɗaya ta raba su ya ce maka bai san su ba, ɗauki takalminka. Babu hukuncin da ya kai wannan nauyi.

Na yi wannan aiki a Kano da Damagaram, na yi shi a Legas da Yarbanci, a Kwatano da Faransanci, har a Jidda an taɓa aike ni. Saboda haka na sa babbar rigata mai ruwan toka, na kafa hula, na zuba goro a aljihu. Mai ɗakina ta ce da ita za a je. Na ɗauka taya ni za ta yi ta wajen mata, sai na ga tana cusa ƙatuwar kula a bayan mota.

"Hajiya, aure za mu bincika."

"Kai ka bincika, Malam. Ni kifin da bai taɓa kwana a ƙanƙara ba zan bincika."

Muka kama hanyar gabas. In ka wuce Raleigh, tuddan nan namu sai su ƙare, jar ƙasa ta koma yashi, hanya ta miƙe ɗoɗar tsakanin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura. Daga nan sai fadamu, sai baƙin ruwa kwance a gindin itatuwa, sai iska ta fara ɗauko warin gishiri. Na yi shekaru ina aikin fiton kaya a tashoshin jiragen ruwa, hancina ya san wannan wari. In na rufe ido sai in rantse tsakanin Lome da Kwatano nake, inda teku ke hannu ɗaya, tafki ke ɗaya hannun, mutane suna zaune a ɗan siririn tudun da ke tsakani.

Tarihin gaɓar nan, abin da na sani a lokacin ɗan kaɗan ne, sauran daga baya na tsinta. Mutanen farko na ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, sunayensu ne suka rage a kan koguna da tsibirai, irin su Pamlico da Hatteras. Sai Turawa suka kafa garuruwansu a bakin koguna, inda jirgi zai iya shigowa: Bath, Edenton, New Bern inda gwamnan mulkin mallaka ya taɓa zama, da Wilmington wadda ta zama babbar tasha. Arzikin wurin daga ƙaron itatuwan nan ya fito, wanda ake dafawa a yi kwaltar liƙe jiragen ruwa, da katako, da shinkafa a fadamun kudu. Hannun da ya yi aikin kuwa na bayi ne da aka kwaso daga ɓangarenmu na teku. Na taɓa tsayawa a ƙofar kurkukun bayi a gaɓar Gana ina kallon ruwa, ina tunanin ina aka kai su. Ranar nan sai ga ni ina tuƙa mota a ɗaya daga cikin wuraren da aka sauke su.

Da muka gangara kudu da Wilmington, abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan garuruwa. Kafin ka gama karanta allon maraba na wannan, ka shiga wancan. Kowanne da magajin garinsa, da kansilolinsa, da motar 'yan sandansa mai fenti daban, alhali wani duk faɗinsa bai kai unguwa ɗaya a Kano ba. Wasunsu ma na girme su. A wurinmu, gari yana farawa ne da maharbi ko malami da ya sauka a gindin itace ya haƙa rijiya, mutane su taru, suna ya bi. A nan na lura gari yana farawa ne ran da hukumar jiha ta yarda da shi, aka ja masa iyaka, aka ba shi ikon karɓar haraji.

Ni da na saba, in ka sauka a baƙon wuri mai unguwa kake fara nema. Na nufi ofishin magajin garin da waya ta nuna mini a daidai inda yaron ya kwatanta garinsu. Ginin fes, ga furanni, ga hoton masu wasan golf a bango. Wata matashiyar Baturiya ta karɓe ni da fara'a, ta yaba rigata, ta tambaye ni ko biki ake yi. Na faɗi sunan garin. Ta maimaita shi a hankali, ta duba kwamfuta, ta ba ni haƙuri. Ita ma ba ta daɗe da ƙaurowa daga arewacin ƙasar ba. Na nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ta ce magajin garin kansa bayan ya yi ritaya ya zo.

A gidan mai ne wani tsoho baƙar fata da ke zuba wa motarsa iska ya ji sunan ya ɗago. Ya nuna mini wata 'yar hanya a bayan wani dogon shinge, ya ce in bi ta har kwalta ta ƙare. Na tambaye shi ko ya san gidan su wane, na faɗi sunan dangin. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya koma kan tayarsa.

Inda kwalta ta ƙare akwai gidajen katako kaɗan, da wata farar coci, da ƙananan jiragen kamun kifi a kife cikin tsakar gida. Ta baya kana hango rufin manyan gidaje sababbi, tsaye a kan dogayen ƙafafu, suna leƙo su ta saman shingen. Na bar Hajiya a mota na fara aikina.

Gidan farko wata mata ce ke shanya. Na yi gaisuwa mai tsawo, na yaba lambunta, na tambayi ruwan sama, sannan na kawo sunan dangin kamar abin da ya faɗo mini a hanya. Na ce na ji tsohon gidan ya bar 'ya'ya da yawa, ko duk suna nan? Ta cire matsin shanya daga bakinta ta ce ba ta san su ba. Gida na biyu wani mutum ne ke ɗinkin taru a baranda. Muka yi hirar kifi sosai, na ba shi labarin masuntan garin Keta na gaɓar Gana da ke jan taru da waƙa, ya yi murmushi ya ce kakansa ma da waƙa yake ja. Na miƙa masa goro, ya juya shi ya ajiye a gefe. Da na ga hira ta yi daɗi sai na kawo sunan dangin na ce, mutanen gidan nan, suna jituwa kuwa? Babu wanda bashi ya yi wa yawa a cikinsu? Murmushin ya ɗauke. Ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ina juyowa, sai ga sunan ƙuru-ƙuru a jikin akwatin wasiƙun gidan da ke kallon nasa.

Haka na bi layin har ƙarshe. Wasu ma ba su buɗe ƙofa ba, labule kawai ya motsa. A dutsen harsashin cocin na ga sunan dangin a sassaƙe cikin waɗanda suka gina ta, amma mutumin da ke yanke ciyawar cocin ya ce shi baƙo ne a nan.

Na dawo mota. Duk yawon da na yi a duniya ban taɓa ganin gidan da unguwa guda ta haɗu ta ce ba ta sani ba. Na ce a raina lalle abin da mutanen nan suka aikata ya wuce faɗa. Na tuna fuskar yarinyar, na tuna yadda yaron ke rusunawa, na ji ba daɗi, amma amana aka ba ni. Na zaro waya zan kira abokina.

Hajiya ta dafe wayar. "Mummunan labari ba ya lalacewa in ya jira, Malam, kifi kuwa yana ƙarewa. Ga allo can ya ce ana sayar da jatan lande. Mu je tukuna."

Rumfar kifin tana bakin wani rafi da ke shiga teku. Hajiya ta shige ciki tana taya da hannu da ka, ni na tsaya a waje ina kallon ruwa. Sai wata tsohuwar mota ta tsaya a bayana. Wata dattijuwa ta fito, gajera, da farar hular rana da sanda, ta nufo ni kai tsaye kamar mun yi alkawari.

"Kai ne mai babbar rigar da ke yawo yana tambayar gidanmu?"

Na ce, "Barka da rana, Mama."

"Ban kai in haife ka ba, Yallaɓai, dubi gemunka. Wayata ba ta huta ba tun da ka shigo. Koma ka faɗa wa wanda ya aiko ka, filin ba na sayarwa ba ne. An turo mana masu kwat, an turo mana mai kwalar fasto, yanzu kuma sarki aka ɗauko mana daga Afirka?"

Na tambaye ta: Wane fili? Ta ce kada in raina mata hankali. Mutumin da ke tambayar 'ya'ya nawa tsoho ya bari, ina suka watsu, wa ke rigima da wa, wa bashi ya kama, abu ɗaya yake nema a gaɓar nan, kuma ko yaron goye ya san shi.

Nan na shiga tsaka mai wuya. Ƙa'idar aikin ita ce kada dangin yaro su san ana bincikensu, ga shi kuwa dangin ne tsaye a gabana da sanda. In na yi shiru, na tafi a matsayin dillalin filaye, da labarin da yanzu na fara shakkarsa. In na faɗa, na karya abin da na yi shekaru ina koya wa na baya. Na dubi idonta na ga babu alamar kunya irin ta mai ɓoye abin kunya, fushi ne kawai da gajiya. Sai na cire hulata na ce mata aure ne ya kawo ni. Na faɗi sunan yaron, na ce yana neman 'yar abokina, kuma a al'adarmu sai an aiko dattijo ya ji ko su wane ne mutanensa.

Ta ƙare mini kallo. Can ta fashe da dariya har sai da ta jingina da motarta.

"Jikan yayata ne. Wato shi ya sa ya daina ɗaga wayata, mace ya samu. Kai kuma, Yallaɓai, ba ka iya ƙwanƙwasa ƙofa ka tambaya kamar mutum ba?"

Hajiya ta fito da kula cike, ta ji ƙarshen maganar, ta ce da Hausa, "Na gode Allah da na ga ranar da wani ya faɗa maka."

A barandarta muka zauna, ta kawo mana shayi mai ƙanƙara, zaƙi kamar zuma. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta ce bayan an 'yanta bayi, kakanninsu suka haɗa abin da suka samu daga kamun kifi da tatsar ƙaro suka sayi wannan wuri, domin a lokacin yashi ne da sauro, shinkafa ba ta yi, auduga ba ta yi, ba mai so. Suka sa masa suna, suka gina coci da makaranta. Zamanin da aka hana baƙar fata shiga ruwa a inda Turawa ke wanka, nan mutanensu ke zuwa daga cikin ƙasa, har daga Greensboro, a soya kifi, a yi kiɗa. Amma ba su taɓa zuwa hukuma neman a mayar da wurin gari ba. Coci ce ke sasanta rigima, ita ke binne mamaci, me za su yi da magajin gari?

Sai aka yi gada zuwa tsibirin da ke gabansu. Yashin da ba mai so ya zama zinariya. Baƙi suka zo suka gina gidajen hutu, suka taru suka kafa garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, kowane gari yana faɗaɗa iyakarsa. Wata rana aka wayi gari suna cikin wani garin da ba su san lokacin da aka haife shi ba, adireshinsu ya canza, haraji ya hau. Guguwar teku ta ɗauki wasu gidajen, waɗanda ba su da halin sake gini suka tafi.

"Amma guguwa ba ta ci rabin abin da gado ya ci ba," in ji ta. Kakanninsu ba sa barin wasiyya, ba su yarda da kotun wancan zamani ba. Fili sai ya zama na dangi gaba ɗaya, jikoki da tattaɓa kunne, kowa da kaso amma ba wanda ya san inda nasa ya tsaya. Dillali sai ya nemo ɗaya daga cikinsu, can a wani birni mai nisa, wanda bashi ya shaƙe ko wanda ke fushi da 'yan'uwansa, ya sayi kasonsa. Da ya shigo cikin magada sai ya je kotu ya ce a raba, in fili bai rabu ba a yi gwanjonsa duka. Haka gidaje da yawa suka tafi. Tun daga nan mutanen wurin suka ɗaure wa kansu abu ɗaya: baƙo ya tambayi wani gida, ba ka san su ba.

Na san irin wannan rigima ta gandu a wurinmu, na ga gidajen gado a Legas da aka yi wa haka. Amma ban taɓa zaton tambayoyin da muke tsare 'ya'yanmu da su, su ne kalma da kalma tambayoyin da ake raba waɗansu da ƙasarsu ba.

Ta ce in har asali na zo gani, mu tashi. Muka bi ta a mota muka zaga ta ƙofar dogon shingen nan. Mai gadi ya san ta, ya ɗaga mana ƙarfen, amma sai da ya leƙa ya ƙare wa rigata kallo. A tsakiyar filin golf, bayan wasu manyan itatuwa, ga maƙabartarsu, ɗan wuri da aka kewaye da sarƙa. Wasu kaburburan bawon kifin teku aka jera musu. Ta bi su da sanda: wannan shi ya sayi filin, wannan matuƙin jirgin kamun kifi ne, wannan ungozoma ce, wannan kakar yaronku ce. Can gefe wasu Turawa suna wucewa a 'yar motarsu ta wasa, suka ɗaga mana hannu, ta ɗaga musu.

A hanyar komawa ta ce, "To, ka gama naka. Saura nawa. Ita yarinyar, su wane ne mutanenta?"

Na gyara zama na fara yabo, ta katse ni. Ta ce yabo ba ya cikin tambayarta. Yaron yana da kaso a filin nan. In ya aure ta suka haihu, 'ya'yan suna da kaso. In ya riga ta mutuwa, wani mai kwat ya same ta a wata jiha da takardar kuɗi, me za ta yi? Mutanenku suna riƙe ƙasa, ko masu tafiya ne? Na tuna ni kaina ƙasashe nawa na bari a baya. Na ce mata ba zan yi rantsuwa a madadin kowa ba. Abin da na sani shi ne, yarinyar tana da hanyar tafiya ta yi aurenta ba tare da kowa ba, amma ta zauna tana jiran maganar ubanta. Dattijuwar ta jinjina kai ta ce a kawo mata ita taron dangi na bazara, za ta duba da kanta.

Da muka dawo Greensboro ban kira abokina a waya ba, gidansa na je. Ya sa aka kawo shayi, ya kori kowa daga falo, ya yi tambayar da ake yi.

"Maƙwabta me suka ce?"

"Sun ce ba su san su ba."

Kofin ya tsaya a hannunsa. "Gida nawa?"

"Duk layin, Alhaji. Har mai yanke ciyawar coci."

Ya ce innalillahi, ya sunkuyar da kai. Na ce ya bari in ƙarasa. Na ba shi labarin gadar, da garuruwan da aka kafa a kansu, da dillalai, da abin da mutanen wurin suka ɗaure wa kansu. Ina shirin kawo hujjoji, don na san halinsa, sai na ga ya ajiye kofin yana kallon bango. Sai ya ce:

"Malam, ka san lokacin da gwamnati ta kori baƙi daga Gana? Ina ƙarami. Babana ba shi da takarda, a Kumasi aka haife shi amma kakana daga arewa ya zo. 'Yan sanda suka shigo layinmu da sunansa. Yana kwance ƙarƙashin gadon wata tsohuwa Ba'ashantiya mai sayar da gawayi. Suka bi gida gida. Matar da muke ɗiban ruwa a famfo ɗaya ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Kowa haka ya ce." Ya share ido da bakin hannun riga. "Akwai wani a layin, mugu ne, shi da suka tambaya yara ma sun nuna ƙofarsa. Mutane ba sa yi wa gidan banza wannan ƙaryar."

Ya ɗaga murya ya kira 'yarsa. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe, ta shirya faɗa. Ya ce "to" irin tasu ta Kumasi, "Yoo. Ki ce masa ya turo mutanensa." Ta buɗe baki za ta yi Turanci, sai ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba."

An ɗaura auren kafin bazara ta fita. Dattijuwar ce ta jagoranci dangin ango, mota bayan mota, da hulunansu na coci, ta ci goro ta yamutsa fuska ta ce lalle mutanen da ke cin wannan don daɗi za su iya riƙe fili. Ta rasu yanzu, tana cikin 'yar sarƙar nan a tsakiyar filin golf. Gidajen layin sun ragu, amma nasu yana nan, kuma duk bazara yarinyar na kai 'ya'yanta.

Har yau in aka aike ni bincike ina zuwa, sai dai yanzu nakan fara tambayar abin da ya taɓa samun wuri kafin in tambayi mutanen cikinsa, domin shirun kowane gari da abin da ya haife shi. Nakan kuma yi tunanin garuruwan gaɓar nan, waɗanda ke da allo da magajin gari amma ba wanda ya san kakan wani, da wancan da babu shi a taswira amma layi guda ya tashi ya tsaya wa gida ɗaya.

Wani lokaci in na fito ɗaukar wasiƙu nakan tsaya in dubi layinmu. Na fi shekara ashirin a gidan nan, muna ɗaga wa juna hannu daga cikin mota. In yau wani baƙo ya bi gida gida da sunana, na san abin da maƙwabtana za su ce. Za su ce ba su san ni ba, kuma gaskiya za su faɗa.